Gobarar Piper Alpha ta 1988: Tarihin Binciken da Ya Sauya Dokar Aikin Mai a Teku

1.0 Gabatarwa

A daren Laraba, 6 ga watan Yuli na shekarar 1988, wuta ta tashi a kan wani dandamalin haƙar mai da ake kira Piper Alpha, wanda ke cikin Tekun Arewa, kimanin kilomita 190 arewa maso gabas da birnin Aberdeen na ƙasar Sikotilan. Mutum 226 ne ke kansa a wannan dare. A sanadin gobarar, 165 daga cikinsu sun rasu, tare da wasu mutum biyu daga cikin masu aikin ceto. Jimillar waɗanda suka mutu ta kai 167, waɗanda suka tsira kuwa 61 ne kacal. Har yau ba a taɓa yin haɗarin da ya ci rayuka masu yawan haka ba a tarihin haƙar mai a cikin teku.

Wannan maƙala za ta bi diddigin abin da ya faru, amma inda ta fi mayar da hankali shi ne binciken da aka gudanar daga baya ƙarƙashin jagorancin alƙali Lord Cullen. Manufarta ita ce ta nuna yadda bincike mai zurfi ya sha bamban da na jeka-na-yi-ka, domin a Piper Alpha an yi duka biyun. An yi na sama-sama kafin gobarar, aka yi mai zurfin bayan mutum 167 sun riga sun rasu.

2.0 Tushen Al'adar Binciken Haɗari a Birtaniya

Ba a 1988 aka fara bin bahasin haɗarin wurin aiki a Birtaniya ba. Tun a shekarar 1833 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar masana'antu wadda ta samar da sufetoci huɗu masu zagaya masaƙu. Wani abin tarihi da ya nuna amfanin bincike shi ne haɗarin mahaƙar kwal ta Hartley, a ranar 16 ga Janairu 1862. Wani ƙaton ƙarfe na injin janye ruwa ya karye, ya faɗa cikin ramin shiga mahaƙar ya toshe shi. Mahaƙar ba ta da wata ƙofa sai wannan, saboda haka mutum 204 suka rasu, akasarinsu a ƙarƙashin ƙasa don rashin iskar shaƙa. Masu binciken ba su tsaya a kan dalilin karyewar ƙarfen kawai ba. Sun lura cewa da akwai rami na biyu, da mutanen sun fita da ƙafarsu. A cikin wannan shekarar aka kafa dokar da ta wajabta wa mahaƙun kwal su kasance da hanyar fita biyu.

Da aka fara neman mai da gas a Tekun Arewa, sai haɗari ya bi ma'aikata can. A ranar 27 ga Disamba 1965, dandamalin Sea Gem ya kife, mutum 13 suka mutu. Binciken da aka yi ya haifar da dokar 1971, wadda ta tanadi cewa kowane dandamali ya kasance da shugaba guda ɗaya da alhakin rayukan jama'a ke wuyansa. A 1972 kuma kwamitin Lord Robens ya ba da shawarar a rage dogaro da tarin ƙananan dokoki, a ɗora nauyin kariya a kan wanda ya samar da haɗarin, wato mai wurin aiki. Daga nan aka sami babbar dokar lafiya da kariyar ma'aikata ta 1974, da hukumar da ake taƙaita sunanta da HSE.

Sai dai an bar baya da ƙura. Kula da kariyar ma'aikatan teku ya ci gaba da zama a hannun Ma'aikatar Makamashi, wato ma'aikatar da ke da alhakin ganin mai ya yi ta kwarara, kuɗin shiga na ƙaruwa. Ma'aikata guda ce ke cewa a hanzarta, ita ce kuma ke cewa a yi hattara. Kwamitin Burgoyne ya duba wannan batu a 1980, amma rinjayen mambobinsa ya amince a bar abin yadda yake, wakilan ƙungiyoyin ƙwadago biyu suka ƙi yarda.

3.0 Fasalin Dandamalin

Kamfanin Occidental na Amurka ne ke gudanar da Piper Alpha. An gano man yankin a 1973, aka fara fitar da shi a ƙarshen 1976. Dandamalin yana tsaye ne a kan ƙafafun ƙarfe a cikin ruwa mai zurfin kimanin mita 144, kuma a lokacin da yake ganiyarsa yakan fitar da fiye da ganga 300,000 a rana. A 1988 kusan kashi goma cikin ɗari na man da gas ɗin da Birtaniya ke samu daga Tekun Arewa daga nan yake fitowa.

An raba wurin aikin gida huɗu. Sashen A na bakin rijiyoyi ne, sashen B na raba mai da ruwa da gas, sashen C na matse gas, sashen D kuma na injinan wutar lantarki da ɗakin sarrafawa. Ɗakunan kwanan ma'aikata suna daga sama, a gefen sashen D. Tsakanin sassan akwai bangaye da aka yi domin tare harshen wuta, amma ba a gina su da ƙarfin jure fashewa ba. Asali don mai aka tsara dandamalin, daga baya aka ƙara masa aikin sarrafa gas. Wannan ƙari ya sa wurin matse gas ya zama maƙwabcin ɗakin sarrafawa, bango ɗaya ne tsakaninsu.

Piper Alpha ba shi kaɗai yake ba. Bututun mai nasa ya nufi tashar Flotta da ke tsibiran Orkney, kuma man wasu dandamali biyu, Claymore da Tartan, yana haɗuwa da nasa a hanya. Akwai kuma manyan bututun gas guda uku da suka haɗa shi da Tartan da Claymore da wata tasha mai suna MCP-01. Kowane ɗayansu yana da tsawon kilomitoci masu yawa, cike da gas a matse.

4.0 Daren 6 ga Yuli

Akwai famfuna biyu, A da B, masu tura ruwan gas, wato ɓangaren gas da ke narkewa ya zama ruwa idan an matse shi, zuwa cikin bututun mai. Da safiyar ranar an tsayar da famfon A domin a yi masa babban gyara, aka rubuta takardar izinin aiki a kan haka. Ita takardar izinin aiki wata ƙa'ida ce ta masana'antu: kafin a taɓa kowace na'ura mai haɗari, sai an rubuta aikin da za a yi, da abin da aka kashe, da wanda ya ba da izini, sannan a mayar da takardar idan an gama ko an dakata.

A wannan rana kuma, wasu ma'aikatan ɗan kwangila biyu suka cire bawul ɗin da ke rage matsi daga bututun famfon A domin su gwada shi. Wannan aiki yana da tasa takardar daban. Sun rufe bakin bututun da wani faifan ƙarfe na wucin gadi. Har ƙarfe 6 na yamma, lokacin da ma'aikatan rana ke miƙa wa na dare, ba a mayar da bawul ɗin ba. Aka dakatar da takardar, aka ajiye ta, ba tare da an zauna an yi wa shugaban ma'aikatan dare bayani baki da baki ba. Shi kuma bawul ɗin yana wani hawa daban, a sama, inda wanda ke tsaye a gindin famfon ba zai hango shi ba.

Da misalin ƙarfe 9:45 na dare famfon B ya tsaya, aka yi ta ƙoƙarin tayar da shi ya ƙi. Ma'aikatan dare suka duba, suka ga ba a fara kwance famfon A ba tukuna, saboda haka suka yanke shawarar mayar da shi bakin aiki. Ba su san bawul ɗinsa ba ya nan ba. Da aka saki ruwan gas cikin bututun, sai ya riƙa tsartuwa ta gefen faifan nan da ba a ɗaure shi tam ba. Ƙararrawar gargaɗi ta yi ta kaɗawa ɗaya bayan ɗaya, kuma da misalin ƙarfe 10 gas ɗin ya kama wuta ya fashe a sashen C.

Fashewar ta tarwatsa bangayen. Tarkacensu ya huda bututu a sashen B, ɗanyen mai ya kama da wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ɗakunan kwana. Ɗakin sarrafawa ya lalace, wutar lantarki ta ɗauke, kuma ba a sami yin wata sanarwa ta lasifika ba. Famfunan kashe gobara masu aiki da man dizal, waɗanda ya kamata su tashi da kansu su jawo ruwan teku, an riga an mayar da su sai an kunna da hannu. Mutum biyu sun saka na'urar shaƙar iska sun kutsa domin su kunna su, ba a sake ganinsu ba.

Ma'aikata da yawa sun taru a ɗakin cin abinci, kusa da inda jirgi mai saukar ungulu ke sauka, domin abin da suka saba da shi ke nan. Wuta da hayaƙi sun hana kowane jirgi sauka, sun kuma tare hanyar zuwa ga kwale-kwalen ceto, har ba a iya sauke ko da ɗaya ba. Shugaban dandamalin bai ba da umarnin a fice ba. A can kuwa, Claymore da Tartan sun ci gaba da turo mai, wanda ya riƙa komowa ta inda bututu ya fashe yana ƙara wa wutar ƙarfi. Shugabanninsu suna ganin hasken wutar, amma sun yi jinkirin tsayar da aiki, ga kuma hanyar sadarwa da ofishin Aberdeen ta yanke domin ta Piper Alpha take bi.

Da ƙarfe 10:20 bututun gas na Tartan ya fashe saboda zafi, wuta ta lulluɓe dandamalin gaba ɗaya. Da ƙarfe 10:50 na MCP-01 ya bi baya. Wannan fashewa ce ta hallaka wani ƙaramin kwale-kwale na jirgin Sandhaven, ta kashe ma'aikatansa biyu da mutum shida da suka tsamo daga ruwa. Da ƙarfe 11:20 bututun Claymore shi ma ya fashe. Daga nan ƙarafan da ke riƙe da ginin suka yi laushi, ɗakunan kwana suka zame cikin teku da mutanen da ke ciki. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka nema wa kansu mafita, wasu ta igiya, wasu suka yi tsalle daga tsayin da ya haura mita 50. Jirgin Silver Pit, wanda tsohon jirgin kamun kifi ne da aka mayar na jiran ko-ta-kwana, shi ya kwashi 37 daga cikin 61 ɗin. Sai da aka shafe kusan mako uku kafin Red Adair, ƙwararren mai kashe gobarar rijiyoyin mai daga Amurka, shi da mutanensa su shawo kan wutar.

5.0 Yadda Aka Gudanar da Binciken

Mako guda bayan gobarar gwamnati ta naɗa Lord Cullen, alƙalin babbar kotun Sikotilan, ya jagoranci bincike a bainar jama'a. An fara zaman sauraron shaidu a Aberdeen a watan Janairu 1989, aka shafe kwana 180 ana zama, aka fitar da rahoto a watan Nuwamba 1990. An kasa aikin kashi biyu: na farko a gano abin da ya faru da dalilinsa, na biyu a fitar da abin da za a yi don kada a maimaita.

Matsalar farko da alƙalin ya fuskanta ita ce rashin hujja ta zahiri. Sassan da wutar ta fara tashi suna ƙarƙashin teku, kuma akasarin mutanen da suka taɓa famfon a daren sun rasu. Saboda haka sai aka bi hanyar harhaɗa ƙananan shaidu. An saurari ma'aikacin ɗakin sarrafawa da ya tsira, wanda ya bayyana jerin yadda ƙararrawar gas ta kaɗa. An saurari kyaftin ɗin jirgin Lowland Cavalier, wanda ya ga shuɗin harshen wuta ya fito daga wajen sashen C. An nazarci hotunan da mutanen jiragen da ke kusa suka ɗauka. An yi samfurin sashen C aka gwada yadda iska za ta watsa gas a cikinsa, domin a gano daga wace kusurwa yoyon ya fito. An kuma gwada irin faifan nan na ƙarfe, aka ga cewa wanda aka ɗaure da yatsu kawai yana yoyo, wanda aka ɗaure da sufana kuwa ba ya yi. An bi sauran dalilan da za su iya haddasa fashewar ɗaya bayan ɗaya ana jingine waɗanda shaida ba ta goyi bayansu ba. Cullen bai yi iƙirarin yaƙini ba. Ya bayyana cewa wannan shi ne bayanin da shaida ta fi rinjaya a kansa.

A ƙarshen 1988 an ɗago ɗakunan kwana daga ƙarƙashin teku aka kai su Flotta, inda aka sami gawa 81 a ciki. Daga cikin gawawwaki 135 na ma'aikatan dandamalin da aka samu, binciken likitoci ya nuna cewa 109 shaƙar hayaƙi da gas ce ta kashe su. Mutum 30 ba a ga gawarsu ba. Wannan ƙididdiga ta sauya alƙiblar binciken. Ta nuna cewa fashewar farko ba ita ta kashe mafi yawan mutanen ba. Sun rayu bayanta na tsawon lokaci, suna jiran umarni da ceton da bai zo ba.

6.0 Abin da Binciken Ya Bankaɗo

Da binciken ya tsaya a kan tambayar wane ne bai ɗaure faifan ba, da an sami mutum ɗaya ko biyu an ɗora musu laifi, an rufe fayil. Cullen ya bi kowane kuskure yana tambayar abin da ya ba shi damar aukuwa, domin kamar yadda Hausawa ke cewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Game da takardar izinin aiki, an gano cewa saɓa ƙa'idarta ya zama ruwan dare a dandamalin. Ba a alaƙanta takardun ayyukan da suka shafi na'ura guda, ba a ajiye su a inda ma'aikata za su gani, ana sa hannu ba tare da an je an duba wurin ba, kuma ma'aikatan ƴan kwangila ba su sami horo na ƙwarai a kan tsarin ba. Kullum ana duba takardun a ofis, amma ba a taɓa kawo rahoton wata matsala ba, shugabanni kuma suka ɗauki shirun a matsayin alamar lafiya.

Game da famfunan kashe gobara, al'adar Piper Alpha ita ce a mayar da su na kunnawa da hannu duk lokacin da masu nutso ke cikin ruwa, don gudun kada bakin famfon ya zuƙe su. A lokacin bazara kuwa masu nutso kan shafe sa'o'i da yawa a ruwa kusan kowane dare. Wani binciken cikin gida na kamfanin ya ba da shawara tun 1983 cewa a riƙa yin haka sai in masu nutson suna kusa da bakin famfon, kamar yadda ake yi a Claymore, amma ba a aiwatar ba. Ƙari a kan haka, an daɗe da sanin cewa tsatsa ta toshe da yawa daga cikin kawunan da ke fesa ruwa, aikin sauya su kuma yana tafiyar hawainiya.

Game da bututun gas, rahotannin da aka rubuta wa kamfanin a 1986 da 1987 sun yi gargaɗin cewa in wuta ta kama ɗaya daga cikinsu ba za a iya kashe ta ba, domin sai an ɗauki sa'o'i kafin a sauke matsin gas ɗin da ke ciki. Shugabanni sun karanta, suka dogara da tsarin fesa ruwan da aka riga aka san yana da rauni. Haka kuma ba a taɓa yin atisayen haɗin gwiwa tsakanin dandamali ukun ba, atisayen ficewa ma ba a yin sa a kan kari.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne abin da ya faru a watan Satumba na 1987, wata goma kafin gobarar. Wani ma'aikaci ya faɗo ya mutu a kan Piper Alpha yana aikin dare, kuma daga cikin dalilan har da raunin takardar izinin aiki da rashin kyakkyawan bayani a lokacin miƙa aiki tsakanin ma'aikatan rana da na dare. An gurfanar da kamfanin, ya amsa laifinsa. An rubuta takardun gargaɗi, amma yadda ake aiki bai sauya ba. A ƙarshen watan Yuni 1988 sufeton Ma'aikatar Makamashi ya ziyarci dandamalin domin ya duba ko an gyara, ya koma bai ga wani abin damuwa ba. Cullen ya bayyana irin wannan dubawa da cewa ta sama-sama ce, har ba ta da wani amfani a matsayin ma'aunin kariya. Ma'aikatar ba ta da isassun sufetoci, kuma waɗanda take da su sun fi duba na'urori a kan duba yadda ake tafiyar da aiki.

A shekarar da rahoton ya fito, masanin halayyar ɗan Adam James Reason na Jami'ar Manchester ya wallafa nazarinsa a kan kuskuren ɗan Adam, inda ya bambanta kuskuren nan take na wanda ke gaban na'ura da ɓoyayyun raunuka da ke kwance cikin tsari shekara da shekaru. Piper Alpha ya zama misalin da malamai ke kawowa a kan wannan ra'i. Faifan da ba a ɗaure ba aikin yini ɗaya ne, amma bangon da ba ya jure fashewa, da famfon da aka kashe, da shawarar 1983 da aka yi watsi da ita, duk sun girme shi da shekaru.

7.0 Shawarwari da Aiwatarwa

Rahoton ya ƙunshi shawarwari 106, gwamnati da kamfanonin mai suka karɓe su baki ɗaya. Ana iya taƙaita muhimmansu kamar haka.

Na farko, a raba mai kula da kariya da mai kula da haƙa. A watan Afrilu 1991 aka ɗauke wannan aiki daga Ma'aikatar Makamashi aka miƙa wa HSE.

Na biyu, kowane kamfani ya rubuta kundin hujjar kariya ga kowane dandamali nasa. A ciki zai zayyana manyan haɗurran da ke iya aukuwa, da matakan da ya ɗauka, da hujjar cewa sun wadatar, kuma ba zai yi aiki ba sai hukuma ta amince da kundin. Dokar da ta tanadi haka ta fito a 1992. Wannan ya mayar da nauyin tunani kan kamfani. A da yakan jira sufeto ya nuna masa aibi, yanzu shi zai tabbatar wa hukuma cewa ya san haɗarinsa.

Na uku, a tanadi mafaka ta wucin gadi a kan kowane dandamali, wadda za ta jure wuta da hayaƙi na wani ƙayyadadden lokaci, tare da hanyoyin ficewa fiye da ɗaya. Wannan ya fito ne kai tsaye daga ƙididdigar mutum 109 da hayaƙi ya kashe, kuma ya yi kama da darasin rami na biyu na Hartley.

Na huɗu, a inganta bawul-bawul masu datse bututun gas da mai a lokacin gaggawa, a gyara tsarin takardar izinin aiki, a ɗaga darajar jiragen jiran ko-ta-kwana, a kuma horar da shugabannin dandamali yadda za su yanke shawara a cikin tashin hankali. An kuma fara tattara bayanan duk wani yoyon gas ko mai, ko da bai kama wuta ba, domin a koyi darasi daga haɗarin da aka tsallake.

8.0 Abin da Binciken Bai Warware Ba

Akwai ƙorafin da iyalan mamatan suka daɗe suna yi. A 1991 babban mai gabatar da ƙara na Sikotilan ya sanar cewa babu isasshiyar hujjar da za a gurfanar da kowa a gaban kotun laifuka. Rahoton ya soki shugabancin kamfanin da kakkausar murya, amma ba a hukunta kowa ba, kuma a wannan shekarar Occidental ya sayar da kadarorinsa na Tekun Arewa ga kamfanin Elf na Faransa. Nan ne ake samun saɓani tsakanin manufofi biyu. Binciken da ke neman darasi yana buƙatar mutane su faɗi gaskiya ba tare da fargaba ba, shari'a kuma tana buƙatar hujjar da ba ta da kokwanto a kan wani takamaiman mutum. Inda laifi ya watsu a kan mutane da yawa da shekaru da yawa, sai a wayi gari an san abin da ya faru sarai, amma babu wanda za a kama.

Su ma ma'aikata ba su gamsu cewa rahoto kaɗai zai kare su ba. A 1989 suka kafa ƙungiyar OILC, suka yi yajin aiki a 1989 da 1990. Ɗaya daga cikin kokensu shi ne yadda ake hana ma'aikacin ɗan kwangila komowa aiki ba tare da an faɗi dalili ba, abin da ke sa mutum ya ga aibi ya kama bakinsa. Duk tsarin da ya dogara da rahoton ma'aikata ba zai yi tasiri ba matuƙar mai kawo rahoton yana tsoron rasa abincinsa.

Sannan akwai mantuwa. A 2007 HSE ta fitar da rahoton da ya nuna cewa gyaran kayan aiki ya ja baya a dandamali da yawa na Tekun Arewa. A ranar 20 ga Afrilu 2010 kuma dandamalin Deepwater Horizon ya fashe a Tekun Meksiko, mutum 11 suka mutu, a ƙarƙashin dokokin Amurka waɗanda ba su ɗauki tsarin kundin hujjar kariya ba. Bayan wannan ne Tarayyar Turai ta yi dokarta ta 2013, wadda ta ɗauki abubuwa da yawa daga tsarin da Cullen ya shimfiɗa.

9.0 Kammalawa

Tarihin Piper Alpha ya nuna sharuɗɗa huɗu da ke sa binciken haɗari ya yi amfani. Mai binciken ya kasance ba ya ƙarƙashin wanda ake bincika, kuma ba shi da riba a ci gaban aikin. Ya wuce kuskuren ƙarshe ya gangara zuwa ga shawarwarin da aka yanke a ofis shekaru kafin ranar. Ya tambayi dalilin da ya sa ɓarnar ta kai inda ta kai, bayan tambayar abin da ya tayar da ita. Sannan a sami wanda zai bi sawun shawarwarin har a ga an aiwatar. Mutuwar ma'aikaci ɗaya a Satumba 1987 ta riga ta tona raunin da ya kashe mutum 167 a Yuli 1988. An bincika, an je kotu, an rubuta takardu, amma sharaɗi na biyu da na huɗu ba su cika ba.

A lambun Hazlehead da ke Aberdeen akwai mutum-mutumin tagulla na ma'aikatan mai uku, aikin Sue Jane Taylor, wanda aka buɗe a 1991. An rubuta sunayen mamatan da shekarunsu a jikin dutsen da yake tsaye a kai, kuma duk ranar 6 ga Yuli iyalai da tsofaffin ma'aikata kan taru a wurin a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya.